Mai Kwano da Liftar Gidansu

Duk ginin da ya taɓa yi wa aiki da Mai Kwano aka san shi, kuma ba abinci yake sayarwa ba. Gyaran lifta ne sana'arsa, akwatin nan da ke hawa bene da mutane ya sauko da su. Jakar kayan aikinsa irin ta kowa ce, sai dai a samanta kullum akwai wani tsohon kwanon silba da gefensa ya lotsa. In ya gama gyara sai ya zuba ruwa a kwanon, saura faɗin yatsa ya cika, ya ajiye shi a tsakiyar liftar, ya tsuguna a gabansa ya danna maɓalli. Ba ya kallon lambobin hawa, ba ya sauraron mai ginin da ke ta zuba a bayansa. Ruwan kawai yake kallo. In lifta ta tsaya ruwan ya yi ta rawa, to da sauran aiki. Abin da yake nema shi ne ruwan ya motsa sau ɗaya, ya dawo, ya kwanta.

Wannan ɗabi'a a shagon maigidansa ya samo ta, wani dattijo mai gyaran rediyo da mitocin lantarki masu allura. Wata rana dattijon ya jera masa mita uku a kan tebur ya ba su wuta ɗaya. Allurar ta farko ta zabura ta wuce lamba, ta dawo ta sake wucewa, ta yi ta kai da komo har mutum ya gaji da jira. Ta biyu ta tashi tana jan ciki, ta yi ta matsowa, ba ka sanin ta iso ko da saura. Ta uku ta tafi da hanzarinta, ta ɗan gota lambar kaɗan, ta dawo ta zauna daram. Dattijon ya buɗe bayan ta ukun ya nuna masa wani siririn fallen ƙarfe da ke manne da allurar, yana ratsa tsakanin bakin maganaɗisu. In allura ta yi gudu, maganaɗisun ya riƙe fallen. In ta tsaya, ya sake shi.

"Ba ya hana ta zuwa inda za ta," in ji dattijon. "Gudun kawai yake rage mata. In ya yi kaɗan ta yi hauka, in ya yi yawa ta zama raguwa. Lallashi ke nan."

Masu karatun littafi suna da sunan da suke kiran abin, amma Mai Kwano da lallashi ya riƙe shi har ya yi furfura. Daga nan duk inda ya juya sai ya gan shi. Lasifikar da ke ci gaba da ƙugi bayan mai magana ya yi shiru, ya san wata 'yar resista mai rage ƙarfin wuta take nema da za ta shanye ƙugin. Janaretan da ke tashi yana faɗuwa, fitilu suna haske suna dushewa, ya san inda zai taɓa. Ko ƙofar ofis ya ji ta rufe da ƙarfi sai ya ɗaga kai ya dubi hannun ƙarfen da ke samanta. Da ya koma gyaran lifta kuwa sai ya tarar da abin yana jiransa a ɗakin inji, can kan rufin gini: akwatin sarrafawa, cikinsa allon wayoyi, a kan allon wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar wake ba. Da shi ake gaya wa injin yadda zai rage gudu in ya kusa hawan da aka kira shi.

Mutumin nan mai sanyin hali ne, ko shayi sai ya huce yake sha. Sai Allah ya haɗa shi da mace mai ɗan karen sauri. Tela ce, kuma Tela yake kiranta tun suna da ƙuruciya. In sun fita tare sai ta yi gaba ta bar shi, ta tsaya a kwana ta riƙe ƙugu tana jira.

"Malam," takan ce, "da kai ake aika kiran mutuwa da kowa ya daɗe a duniya."

"Sannu ba ta hana zuwa," yakan amsa.

"Ƙarasa mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

A hawan ƙarshe na wani tsohon gini suke zaune, shagon ɗinkinta kuma yana ƙasa, ita da ƙanwarta, ƙofarsa tana kallon titi. Liftar ginin a hannun Mai Kwano take. Makon da suka tare ya wuni yana hawa yana sauka da kwanonsa har ya samu daidai. Ya duba jaka babu fenti, sai ya sauko ya ɗauki kwalbar jan farcen matarsa, ya koma ya ɗiga ɗigo ɗaya, rabi a kan sukurun, rabi a kan allon. Ta yi faɗa kamar ya zubar da kwalbar duka. A liftar nan aka hau da kayan auren ɗansu, a cikinta aka sauko da na Auta, 'yarsu ta ƙarshe, kuma duk tsawon shekarun nan rabin ɗigon bai taɓa rabuwa da ɗan'uwansa ba.

Zaman keken ɗinki ne ya ci bayan Tela. Ciwon ya fara da tsami, ya koma tsuka, har ya sauka ƙafafu. Ta yi ta cijewa sai da likita ya ce babu makawa sai an yi aiki. Aka yi, aka dace. Ranar da za a sallame ta likitan ya zaunar da Mai Kwano ya gaya masa magana biyu. Ta farko, a kiyaye ta daga girgiza da faɗuwa kafin ɗinkin ya kama. Ta biyu, da zarar ta iya tsayuwa da ƙarfen dogarawa, ta riƙa tafiya, ta riƙa fita kullum ko da zafi, don ƙafar da aka bari ta kwanta ba lallai ta sake tashi ba. Mai Kwano ya ji ta farko da kunne biyu. Ta biyun ta shiga ta dama ta fice ta hagu.

Kafin ya je ɗauko ta ya hau ɗakin inji. Ya tsaya a gaban allon yana tuna ɗan motsin nan guda ɗaya da ruwa ke yi, motsin da ya shekara da shekaru yana alfahari da shi. Yanzu sai ya ga kamar motsin nan a tsakiyar bayan matarsa zai sauka. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya zaro sukudireba ya murɗa sukurun ya ƙara lallashi, ɗigon ya rabu biyu. Ya gwada da kwano, ruwa ko gezau. Ya ji daɗi.

Mutanen ginin ne suka fara ji a jikinsu. Lifta takan taho lafiya, in ta kusa hawa sai ta kama rarrafe, mutum yana ganin hasken baranda ta tsagar ƙofa amma ƙofa ta ƙi buɗewa. Wani tsohon direba da ke zaune a hawan ƙasa da nasu ya tare shi a bakin ƙofa.

"Mai Kwano, ko dai in sauka in tura ne?"

"Ka yi haƙuri, mai jinya gare ni."

"Allah ya ƙara sauƙi. Amma wallahi jiya da baƙin gemu na shiga, da furfura na fito."

Aka yi dariya, aka bar shi, don kowa yana ganin girman Tela. To amma akwai abin da Mai Kwano ya sani sarai ya kau da kai. Akwatin sarrafawa ba ya jira har abada. In lifta ta daɗe tana rarrafe ba ta kai daidai da daɓe ba, sai ya gaji ya damƙe birki a inda take, ya buɗe ƙofa. Wani lokaci ta yi daidai, wani lokaci ta tsaya saura faɗin yatsa biyu. Da wani makaniki ne ya yi wannan aiki a wani gini, da Mai Kwano ya wanke shi tas. Amma wanzami ba ya son jarfa, kuma a kan nasa aikin ya ce ai ɗan tudu ne, ba komai.

Ranar da Tela ta ce za ta sauka, da sassafe ta yi wanka ta sa kayan da ta ɗinka wa kanta. Ta kama ƙarfen dogarawar nan mai ƙafa huɗu, suka shiga, yana riƙe da gwiwar hannunta. Lifta ta sauka, ta yi rarrafenta, ƙofa ta buɗe. Daga nan ana hango ƙofar shagon, har ana jin ƙarar keken ƙanwarta. Idon Tela yana can, ba ya ƙasa. Ta tura ƙarfen gaba, ƙafafunsa na gaba suka faɗa tudun nan na yatsa biyu, nauyinta ya bi su. Ta yi wata 'yar ƙara, ba mai ƙarfi ba. Mai Kwano ya tare ta da ƙirji kafin ta kai ƙasa, ya jawo ta ciki, ya danna maɓallin sama tun ba ta ce komai ba.

Ba abin da ya same ta, likita ya duba ya ce ɗinki yana nan lafiya. Amma Mai Kwano ya riga ya razana. Kuma abin haushi, maimakon ya mayar da sukuru inda ya same shi, sai ya hau ya ƙara murɗa shi gaba, wai har yanzu akwai sauran girgiza. Garin neman gira ke nan. Lifta ta ƙara lalaci, tudun ya ƙara tsawo, shi kuma ya samu hujja.

"Ba yau ba, Tela. Sai na gama da ita."

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Ya daina karɓar aikin nesa, wanda ya karɓa ma a tsaitsaye yake yi ya dawo. A gida kuwa ba ya barin ta miƙa hannu. Ta dubi kofi, ya kawo. Ta yunƙura za ta taga, ya jawo kujerar zuwa taga da ita a kai. Ƙarfen dogarawar ya jingine shi bayan ƙofa don kada ta yi tuntuɓe da shi. Da farko tana tsiya, tana cewa ya mayar da ita jaririya ba tare da ya saya mata abin wasa ba. Daga baya ta daina tsiyar. Ta zauna a bakin taga tana kallon rufin motoci da kawunan mutane, in ya tambaye ta me take so ta ce ba komai. Wannan shirun ya dame shi ƙwarai, amma ya ce wa ransa gajiyar jinya ce.

Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa mata jiki ce ta fasa ƙwan. Ta matsa sharaɓar Tela da yatsu, ta sake matsawa, ta ɗago ta dubi Mai Kwano.

"Baba, naman ƙafar nan raguwa yake yi. Mama tana sauka kuwa?"

"Liftar ce ba ta gama daidaita ba."

"To ni ban san lifta ba. Abin da na sani, in aka ci gaba a haka, keken guragu za mu yi magana a kai, ba ƙarfen dogarawa ba."

Ta haɗa kayanta ta tafi. Auta, wadda ta zo duba mahaifiyarta ranar, ta bi ta da rakiya don kada a ga idonta. Mai Kwano ya shiga kicin ya wanke kofunan da ba su da datti.

Washegari da hantsi Tela ta kira shi. Ta riga ta yi wanka, ta sa kayan nan na ranar farko, ƙarfen dogarawar yana gabanta. Yadda ta ɗauko shi daga bayan ƙofa, shi dai bai gani ba.

"Malam, zauna. Ina ɗigon jan farcena?"

Ya jawo kujera ya zauna.

"Ka matsar da shi, ko?"

"Don bayanki na yi."

"Na sani. Ban ce mugunta ka yi ba." Muryarta a kwance take, ba faɗa. "Ni ban san kan na'ura ba. Amma shekara nawa ina shiga liftar nan da ɗinki a ka, da cefane a hannu, da jika a baya? Ba ta taɓa ajiye ni a kan tudu ba sai da ka ji tausayina."

"In ta tsaya akwai ɗan motsi, Tela. Kaɗan ne, amma akwai."

"Na san shi. A tafin ƙafata nake jin sa, shi ke gaya mini an iso. Ka bar mini shi." Ta gyara zama a hankali. "Kai ka ba ni labarin allurai uku har na haddace. Ban taɓa jin ka yabi ta biyun ba."

Kunya ta kama shi, irin ta mai sana'ar da aka nuna wa aikinsa. A ƙarƙashin kunyar kuma tsoron yana nan bai je ko'ina ba, ya kuma faɗa mata haka.

"Tsoro nake ji."

"Ni ma haka. Amma keken nan da aka ambata ya fi ba ni tsoro. Tashi."

Ya ɗauki jaka ya hau ɗakin inji. Rana ta haska ta 'yar tagar ɗakin, ga ɗigon nan a rabe, jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ya sa sukudireba ya murɗa baya a hankali har rabi ya haɗu da rabi. Sannan ya sauko ya cika kwano, ya yi ta hawa da sauka shi kaɗai, yana tsayawa a kowane hawa. Ruwa ya motsa, ya dawo, ya kwanta. Duk inda ƙofa ta buɗe sai ya shafa babban yatsa a tsakanin bakin lifta da daɓe, ya ji su shafe ɗaya. Tsohon direba ya shigo a wani hawa, ya ji yadda ta tsaya, ya dubi Mai Kwano ya ce, "A'a, yau an sha mai ke nan." Mai Kwano bai ma ji shi ba.

Ya koma gida ya ce, "Ta yi. Mu je."

"Mu je ina? Kai sama za ka."

Nan ta kama shi. Tun da ya fara sana'ar nan yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: in ya taɓa akwatin sarrafawa, fasinjan farko da zai shiga, shi yana ɗakin inji, kunnensa a kan injin, hannunsa a kan makashin wuta. Ya yi wa baƙin da bai san sunansu ba wannan. Tela ta san da haka sarai.

"Ko ni ban kai fasinja ba?" ta ce.

"Wa zai riƙe ki?"

"Ga ƙarfe. Ajiye mini kwanon a ƙasa, in ya yi rashin kunya zan gaya maka."

Ya raka ta har cikin liftar, tana tafe ƙwas, ƙwas, a hankali, bai taɓa ta ba ko da yake hannunsa yana ta tashi da kansa. Ya ajiye kwanon kusa da ƙafarta. Ya kira wayarta, ya sa ta a amsa-kuwwa, ya zura mata a aljihun riga. Ya ce kada ta danna sai ya ce ta danna. Sannan ya juya ya hau matakalar rufi, kuma bai taɓa jin matakalar nan ta yi masa tsawo kamar ranar ba.

Ya ɗora hannu a kan makashin wuta, ya manna waya a kunne.

"Danna."

Birki ya saki. Injin ya ɗauka da muryarsa ta da, igiyoyin ƙarfe suka fara zarya a kan babbar ƙafar da ke juya su. Ya san kowane sauti a ɗakin nan kamar numfashin 'ya'yansa. Ya ji ta kai cikakken gudu, ya ji ta wuce hawan direba, ya ji ta wuce na ƙasa da shi. A waya ba ya jin komai sai numfashin Tela. Sannan muryar injin ta sauko, ta sauko, birki ya kama.

"Tela?"

"Ya motsa," ta ce. "Ya dawo. Ya kwanta."

Ya ji ƙofa ta buɗe. Ya ji ƙwas. Ya ji wani ƙwas ɗin, da jan takalmi, da wani kuma. Hayaniyar titi ta fara shigowa wayar, ƙahon mota, mai talla yana kira. Can sai ƙarar keken ɗinki ta tsaya cak, muryar ƙanwarta ta ce, "Yaya?" Aka kashe wayar.

Sai da ya ɗan jima kafin ya iya cire hannu daga makashin. Ya kulle ɗakin, ya rataya jaka, ya sauko hawansu ya kira lifta. Ta zo ta buɗe, ba kowa a ciki sai kwanon a inda ya ajiye shi. Daɗi ya cika shi, tare da wani ɗan kaɗaici da bai zata ba. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya sauka.

A ƙofar shagon ya tsaya. An zaunar da ita a doguwar kujerar yanka, gumi a goshinta, ƙarfen dogarawar a gefenta, tana tambayar wanda ya yanka takarda da almakashinta. Ƙanwar tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Tela ta hango shi ta wutsiyar ido.

"Malam, ba ka ce akwai ginin da ke ta kiranka ba?"

"Zai iya jira."

"Ya jira ya gaji. Tafi aikinka. In na gaji na san hanyar gida." Ta juya ga almakashin, sannan ta ƙara, ba tare da ta dube shi ba, "Kuma kada ka yi saurin dawowa."

Ya tafi. Sai da ya kai kwanar da takan tsaya jiransa sannan ya lura har yanzu kwanon yana hannunsa cike da ruwa, mutane suna ratse shi suna kallo. Ruwan sai rawa yake. Ya tsaya a gefen hanya ya jira har ya kwanta. Sannan ya juye shi a gindin wata bishiya, ya kife kwanon a kan jaka, ya nufi tashar mota.